Saita Fiffiken Jirgin Tiraik da Kula da Shi: Tambayoyi da Amsoshi

Tiraik ƙaramin jirgin sama ne mai taya uku, wanda kujerar matuƙi da inji da farfela suke rataye a ƙarƙashin fiffike na yadi mai siffar kan mashi. Ba shi da wutsiya, ba shi da filafilan juyawa irin na sauran jirage. Matuƙi na tura sandar tuƙi ko ya jawo ta, nauyin keken, wato ɓangaren mai taya da ke rataye a ƙasa, ya karkata, fiffiken ya bi. Asalin wannan fiffike na komawa ga Francis Rogallo, injiniya a hukumar da daga baya ta zama NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda shi da matarsa Gertrude suka sami rajistar ƙirƙirar fiffike mai lanƙwasuwa a 1951. Kamfanoni irin su Air Création da DTA a Faransa, AirBorne a Ostireliya, Aeros a Yukren da North Wing a Amurka sun yi suna wajen ƙera su, kuma har yanzu fikafikan Pegasus da P&M na Ingila na cike da filayen tashi. Tunda babu wutsiya, duk abin da ke hana jirgin kifewa a sama yana cikin siffar fiffiken kansa. Milimita kaɗan a nan na da tasirin da mutum zai ji a hannunsa.

Waɗanne sassa ne ya kamata in sani kafin in taɓa komai?

Ƙarafunan fiffiken bututai ne na alminiyum, galibi nau'in 6061-T6 ko 7075-T6. Akwai bututun goshi biyu da suka tashi daga hanci zuwa ƙarshen fiffike hagu da dama. Akwai ƙashin baya da ya miƙe daga hanci zuwa baya ta tsakiya. Akwai gicciye biyu da ke tokare bututan goshi daga ciki, waɗanda ake ja baya da waya a maƙale domin yadin ya ɗame. A ƙasa akwai firam mai kusurwa uku: ƙafafu biyu da sandar tuƙi. A sama akwai turke, wanda wayoyin sama da wayoyin ɗage bakin baya ke sauka daga kansa. Sababbin fikafikai da yawa ba su da turke. Tokarai biyu ne ke riƙe su daga ƙasa a madadin wayoyin gefe.

Cikin aljifan yadin ake zura haƙarƙari, wato siraran sanduna masu lanƙwasa da ke ba fiffiken doronsa. Kusa da kowane ƙarshe akwai sandar tokare da ke hana bakin baya faɗowa ƙasa. Sai maratayi, inda keken yake rataye a jikin ƙashin baya da bol guda, da ɗamarar ko-ta-kwana a bayansa. Fiffiken jirgi mai kujera biyu yakan kai mita 8 zuwa 10 da ɗoriya daga ƙarshe zuwa ƙarshe, nauyinsa kuma kilo 45 zuwa 60.

Me ake nufi da saita fiffike, kuma me ba a taɓawa?

Saiti shi ne ƙananan gyare-gyaren da littafin kamfani ya yarda a yi: murɗa ƙarshen fiffike, ƙara ko rage ɗaurin haƙarƙari, ɗan sauya lanƙwasar wasu haƙarƙarin waje, daidaita jan yadi a kan bututun goshi, da matsar da maratayi tsakanin ramukan da aka riga aka huda. Iyakarsa ke nan. Tsawon wayoyin ɗage bakin baya, kusurwar sandunan tokare, tsawon wayar da ke jan gicciye da tsawon wayoyin ƙasa ba kayan saiti ba ne. Ana auna su ne kawai a tabbatar suna inda kamfani ya ce.

Ƙa'idar aikin guda biyu ce. A fara mayar da komai yadda ya fito daga masana'anta. Sannan a sauya abu ɗaya tak, a rubuta shi a kundin jirgi, a tashi a gwada, kafin a taɓa na biyu. Wanda ya murɗa ƙarshe ya kuma lanƙwasa haƙarƙari a rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba.

Jirgina na janyewa dama idan na saki sanda. Daga ina zan fara?

Ba daga murɗa ƙarshen fiffike ba. Fara da tambayar yaushe abin ya soma. Fiffiken da jiya yake tafiya sak, yau kuma yake ja, wani abu ne ya same shi, kuma saiti zai ɓoye lalacewar ne kurum.

Da farko ka tabbatar fiffiken ne ke ja. Jujjuyawar farfela na karkatar da keke, musamman da cikakken maƙure lokacin hawa. Idan jan yana ɓacewa da ka rage wuta kana gangarowa, laifin ba na fiffike ba ne. Tayar gaba da aka bari a karkace, musamman mai murfi, tana aiki a iska ta juya hancin keke. Kaya da aka loda gefe guda ma haka. Ka gwada da sassafe, iska a kwance, a gudun tafiya na yau da kullum.

In an tabbatar fiffike ne, sai a bi wannan jeri a ƙasa. A zaro haƙarƙari duka, a haɗa kowane na hagu da takwaransa na dama, a ga ko sun kwanta daidai. Mafi yawan ja daga nan yake. A duba ɗaurinsu ɗaya ne a ɓangarorin biyu. A shafa goshin fiffike da tafin hannu daga hanci zuwa ƙarshe: farantin Mylar, wato siririn fallen roba mai tauri, da ke cikin aljihun goshi yakan naɗe ya shige ƙasa lokacin zura haƙarƙari, kuma wannan ɗan tudu ya isa ya kawo ja. A duba alamomin da ke kan murafan ƙarshe, ko ɗaya ya juya daga inda yake. A tabbatar sandunan tokare sun zauna a mazauninsu, babu wayar da ta sarƙe bayan haƙarƙari. Daga nan a tsaya a hanci, wani ya riƙe fiffiken a daidaice, a hango bututan goshi biyu da bakin baya biyu. Ido na kama bambanci fiye da yadda ake zato.

Idan an taɓa buga ƙarshen fiffike da ƙasa ko da ƙofar rumfa, a zaro rabin baya na bututun goshi, a mirgina shi a kan shimfiɗaɗɗen tebur mai santsi. Yakan lanƙwashe ne dab da inda ya fito daga hannun rigar da ke haɗa shi da rabin gaba, wurin da yadi ya rufe, ba a gani daga waje.

Na duba komai lafiya lau, amma har yanzu yana ɗan ja. Yaya ake gyarawa?

Fiffiken tiraik a murɗe yake: tsakiya na karɓar iska da babbar kusurwa, ƙarshe da ƙarama. Ɓangaren da murɗinsa ya fi yawa yana ɗagawa ƙasa da ɗan'uwansa, jirgin sai ya kwanta wajensa. Saboda haka mai ja dama ana gyara shi ta ɗaya daga hanya biyu: a rage murɗin dama, wato a juya murfin ƙarshe yadda bakin baya zai ɗan sauka, ko a ƙara murɗin hagu, bakin baya ya ɗan hau. Alama ɗaya a lokaci guda, milimita biyu ko uku a jikin bututu, ba fiye ba.

Akwai abin lura a nan. Ƙarshen da aka rage wa murɗi shi ne zai riga yanke ɗagawa idan gudu ya yi ƙasa, abin da matuƙa ke kira sitol. Idan aka zuba dukkan gyaran a ɓangare guda, za a sami jirgi mai tafiya sak a gudun tafiya amma mai sakin fiffike ɗaya ba zato lokacin sauka. Gara a raba gyaran biyu, rabi a sauke dama, rabi a ɗage hagu.

Ga jan da bai taka kara ya karya ba, wasu kamfanoni na ba da izinin ɗan ɗaga wutsiyar haƙarƙari ɗaya ko biyu na waje a ɓangaren da ke hawa. Littafin zai faɗi lambar haƙarƙarin da iyakar milimita. A sa wa wanda aka sauya alama da tef, a rubuta, don kada wani ya zo daga baya ya miƙar da shi yana ganin gyara ya yi. Idan an kai iyakar da littafi ya yarda ja bai tafi ba, a cire yadin a binciki ƙarafuna.

Mene ne gudun sake-hannu, kuma yaya ake sauya shi?

Shi ne gudun da jirgi ke zama a kai da kansa idan matuƙi ya saki sanda. Maratayi ne ke yanke shi. A matsar da shi gaba, hanci ya sauka, gudu ya ƙaru, sanda ta matso kusa da cikin matuƙi. A matsar da shi baya, gudu ya ragu, sanda ta tafi wajen tokaren gaba na keke, wato bututun da ke tsaye a gaban matuƙi. Rami ɗaya a lokaci guda, kuma cikin ramukan kamfani kaɗai. Ba a huda sabon rami a ƙashin baya.

Kowane ɓangare na da haɗarinsa. Gaba da yawa: sai an tura da ƙarfi a tashi da sauka, gudun taɓa ƙasa ya yi yawa, kuma wurin jan sanda ya ƙare. Baya da yawa ya fi muni, domin jirgin na zama dab da sitol, juyawa ta yi nauyi, sannan babu sauran wurin turawa. A tuna gudun sitol na hawa da nauyi. Jirgin da ke yanke ɗagawa a kilomita 55 a awa da nauyin kilo 350 zai yanke a wajen 62 idan aka loda shi zuwa 450. Wanda ya saita maratayi a ramin baya yana shi kaɗai, ranar da ya ɗauki fasinja da cikakken tanki zai tarar tazarar ta tsuke. A bar gudun sake-hannu aƙalla kashi 30 cikin 100 sama da gudun sitol a cikakken lodi.

Fikafikan zamani da dama ana sauya musu wannan gudu a sama. Wasu da ƙaramar mota mai lantarki da ke zame maratayi, wasu da roba mai jan ƙashin baya, wasu da dabarar da ke jan wayoyin bakin baya. BioniX na Air Création yana da tsarin Corset da ke sauya ɗamewar fiffiken gaba ɗaya. Kowanne ne, a mayar da shi matsayin tashi kafin a shiga titin jirgi.

Sau nawa zan auna haƙarƙari, kuma zan iya lanƙwasa su da kaina?

Kowane fiffike na zuwa da zanen haƙarƙari a kan doguwar takarda. A shimfiɗa ta a ƙasa mai santsi, a ɗora kowane haƙarƙari a kan layinsa. A yi haka a kowane babban bincike, da duk lokacin da aka ji jirgin ya sauya hali, da bayan iska ta kifar da shi ko an sauka da ƙarfi. Doron gaba yakan baje a hankali, musamman na tsakiya da ke ɗaukar lodi mafi yawa, kuma bajajjen haƙarƙari na sauya gudun sake-hannu da halin sitol.

Na 6061 na karɓar gyara. A ɗora shi a kan gwiwa ko tayar mota, a danna kaɗan, a matsa gaba, a sake dannawa, yadda lanƙwasar za ta bazu ba ta taru wuri ɗaya ba. Na 7075 sun fi riƙe siffa amma sukan tsage idan aka matsa musu. Wanda ya karye wuya ko ya lotse a jefar. Daidaituwar hagu da dama ta fi muhimmanci a kan bin layin takarda daidai wa daida, amma ana son duka biyun. Takardar ma a adana ta a busasshen wuri, domin danshi na sa ta miƙe.

A zura haƙarƙari kafin a ja gicciye, daga tsakiya zuwa waje, a hankali, ana ɗan ɗaga bakin baya da ɗaya hannun. Tura su cikin ɗamammen yadi na baje su, yana kuma cin ɗinkin aljihu. A goge yashi daga jikinsu tukuna. Kamfanoni da yawa na sa jan launi a na hagu, kore a na dama.

Bakin baya yana kaɗawa a sama. Matsala ce?

Matsala ce, ko da jirgin na tashi lafiya. Kowace kaɗawa na karya zaren yadi, kuma wurin da ya fara saki ba ya komawa. Galibi robar ko igiyar da ke ɗaure haƙarƙari ce ta saki a wannan tsakanin. A sauya robobi duka lokaci guda, hagu da dama, a ɗaure su tsawo ɗaya. Masu maɓalli mai zare kuwa a ƙirga juyi, a yi wa ɓangarorin biyu daidai. Na ƙarshen fiffike sun fi buƙatar ɗauri mai ƙarfi. Ɗauri fiye da kima a tsakiya na taurara juyawa, yana kuma huda gaban aljihu. In an gyara ɗauri bai daina ba, yadin ya miƙe, sai mai ɗinkin fikafikai.

Juyawa ta yi mini nauyi. Zan sassauta yadi?

Tiraik na juyawa ne domin yadin na iya zamewa daga ɓangare zuwa ɓangare: wanda aka ɗora wa nauyi ya ƙara murɗi, ɗayan ya ɗame. Yadi mai tsananin ɗauri a kan bututun goshi na ba da gudu da nisan gangara, amma yana hana wannan zamewa. Kafin a sassauta, a duba ko maratayi na jujjuyawa a sake a jikin ƙashin baya, ko an matse notin farantin hanci ko na mahaɗar gicciye fiye da kima, ko maratayin ya yi baya da yawa. Waɗannan sun fi zama sanadi.

Idan littafi ya ba da damar rage jan goshi, a rage daidai a ɓangarorin biyu, mataki ɗaya. Yanayi ma na da hannu: alminiyum na ƙara tsawo da zafi, bututu mai mita 6 zai ƙaru da kusan milimita 4 idan zafi ya hau da digiri 30. Fiffiken da aka saita da sanyin asuba zai ɗan fi tauri da tsakar rana.

An ce in na sassauta wayoyin ɗage bakin baya jirgin zai fi gudu. Gaskiya ne?

Kada ka yi. A tafiya ta yau da kullum waɗannan wayoyi da sandunan tokare kusan ba sa aikin komai, shi ya sa mutum zai ɗauka ba su da amfani. Aikinsu na zuwa ne a daƙiƙar da hanci ya nutse ƙwarai, ko guguwa ta bugi fiffiken daga sama, yadin ya saki. A lokacin su ne ke riƙe bakin baya a ɗage, iska ta danne bayan fiffiken, hanci ya dawo sama. In babu su, hancin na ci gaba da shigewa ƙasa har jirgin ya yi alkafura. Keken ya faɗa kan fiffike, bututai su karye, kuma da wuya a fita da rai sai in akwai laimar ceto ta jirgi. Wannan ne dalilin da kamfanoni ke haramta wasan sama da tiraik, suke kuma iyakance kwanciya a digiri 60, ɗaga hanci ko sauke shi a digiri 45 ko ƙasa da haka.

Ana auna su ne haka: a kafa fiffiken yadda littafi ya ce, a ja zare daga ƙarshen haƙarƙarin hagu zuwa takwaransa na dama, a auna tsayin zaren daga saman ƙashin baya, a gwada da lambar kamfani. Tsohon yadi na iya tsukewa ko miƙewa, tsayin ya sauka ba tare da kowa ya taɓa waya ba. Saboda haka awon na cikin aikin kowace shekara.

Ta yaya zan san yadin ya gaji?

Rana ce ke kashe yadi, ba tashi ba. Hasken ultrabayolet na cin zaren Dacron, wanda da shi ake saƙa yadin, da zaren ɗinki ko jirgin na sama ko yana ajiye a fili. Fiffike mai awa 200 a kundi da ya shekara biyu a waje ba lulluɓi zai iya fin mai awa 800 da ke kwana a rumfa lalacewa. Koɗewar launi alama ce, amma ba hujja ba. Wani yadin yana nan fes a ido, a ja shi ya yage kamar tsohon zanin da ya sha wanki da shanya.

Ana gwada shi da Bettsometer, ɗan ma'auni mai sifirin da allura a baki. Fiffike na kafe a ɗame, a soka allurar a saman yadi, a ja ta a kwance bisa tsawon zare har ma'auni ya kai lambar da kamfani ya sa. Ga fikafikan Ingila da Ostireliya da yawa lambar giram 1360 ce da allura mai kaurin milimita 1.2, amma littafinka ne mai hukunci, domin yadudduka sun bambanta. In ya yage kafin nan, fiffiken ya sauka daga aiki. A gwada wurare da dama a sama, kusa da tsakiya, kusa da ƙarshe, kusa da bakin baya, a kowane launi. Ɗinki ma a ja shi da ƙugiya, domin sau da yawa zare na riga yadi mutuwa.

Ƙaramar yagewa fa?

Wadda ba ta wuce santimita 2 ko 3 ba, kuma take nesa da ɗinki da bakin baya, ana like ta da tef ɗin gyaran yadi ciki da waje, a zagaye kusurwoyin facin da almakashi don kada su ɗago. Duk wadda ta taɓa bakin baya, aljihun ƙashin baya, ko ɗamarar da ke riƙe yadi a ƙarshen fiffike, ta masu sana'ar ce, da keken zigzag da zaren da ya dace. Lodin yadin a nan yake taruwa.

Yaya ake duba wayoyi?

Wayoyin na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, saƙar 7x7 ko 7x19, an naɗe kowane baki a kan zoben ido an damƙe da maƙala. A bi tsawon kowace da tsumma. Silin da ya tsinke zai kama tsumman. Sili ɗaya ya isa a sauya wayar. Kusan kullum suna gajiya ne dab da bakin maƙala, inda waya ke lanƙwasawa, don haka a zame robar da ta rufe wurin a duba da kyau. Wayar da ta taɓa karyewa wuya, ko an miƙar da ita, ta tashi daga aiki.

Abin da ya fi lalata su shi ne jan gicciye alhali zoben ido ya karkace a jikin farantinsa. Kafin ka ja, zagaya ka ga kowane zobe a miƙe. In ja ya yi nauyi fiye da yadda ka saba, tsaya, wani abu ya sarƙe. Wayoyin gefe su ke ɗauke da nauyin jirgin a sama, kuma suna da adadin awanni ko shekaru a littafi. In lokaci ya cika a sauya su ko da suna sheƙi.

Bututu ya ɗan lanƙwashe. Zan iya miƙar da shi?

A'a. Alminiyum da aka lanƙwasa aka mayar ya riga ya raunana, kuma tsagar ba lallai ta fito a ido ba. Gicciye da ƙafafun firam matsi suke ɗauka daga baki zuwa baki, kuma bututun da ke cikin matsi, lotsawa kaɗan a tsakiyarsa ta isa ta sa ya durƙushe. A sauya da na kamfani, ba na kasuwa mai kama da shi ba, domin kauri da nau'in ƙarfe ba sa ganuwa a ido.

A kuma nemi farin gari a kewayen bol da rifit, inda ƙarfe ya haɗu da alminiyum. Wannan ita ce tsatsarsa, kuma ta fi yawa a bakin teku. A cire murafan bututu a haska ciki da tocila. Feshin hana tsatsa irin ACF-50 na taimakawa, amma kada ya taɓa yadi.

Bol da noti fa?

Fikafikan Amurka da Ostireliya galibi bol na jiragen sama masu lambar AN suke amfani da su, na Turai kuma na ma'aunin mita masu daraja da aka fayyace. Santsin jikin bol ne ya kamata ya ɗauki lodi, ba zarensa ba, shi ya sa tsawo ke da muhimmanci. Noti mai nailan a ciki, in an kwance a sa sabo, kuma zare ɗaya da rabi zuwa biyu ya leƙo waje. Kada a matse bol da ya ratsa bututu har bututun ya baje. Na mahaɗai kuma dole su iya juyawa. Bol ɗin maratayi a zaro shi a mirgina a kan gilashi, a duba ramin ko ya zama ƙwai, a sauya shi a kan awannin littafi. Zoben tsaronsa da ɗamarar ko-ta-kwana ana duba su kowane tashi.

Wanki, ajiya da ɗauka a mota?

Ruwa mai tsabta da sabulu mara kaifi da soso mai laushi, a ɗauraye sosai. Ban da bilic, fetur ko tina. Kada a naɗe shi a jiƙe. In dole ta sa, a buɗe jakar da an isa gida. A ajiye a kan katako sama da ƙasa, nesa da ɓeraye da batir. In zai wuni a fili, a lulluɓe shi, a sauke ƙarshe ɗaya wajen da iska ke zuwa, a ɗaure sanda. Iska ta yi ƙarfi, a sauke fiffiken a kwantar da shi ƙasa.

Hanya ta fi sama lalata fikafikai. A ɗora jakar a kan matokarai uku masu soso, a ɗaure da ɗamara mai faɗi ba igiya ba, kuma a mayar da duk matasan kariya da ke raba ƙarfe da yadi a cikin jaka.

Zan iya tashi da jiƙaƙƙen fiffike?

Ɗigon ruwa ko raɓa a goshin fiffike na dagula kwanciyar iska, gudun sitol ya hau, tazarar da jirgi ke gudu a ƙasa kafin ya tashi ta yi tsawo. A goge goshin da tsumma kafin tashi. Ƙanƙarar sanyi kuwa, komai ƙanƙantarta, sai ta narke. In ruwa ya same ka a sama, ka sauko da ƙarin gudu, ka guji juyawa mai tsanani kusa da ƙasa.

Wane kuskure aka fi yi wajen haɗawa?

Maƙallin wayar gicciye da bai shige har ƙarshe ba, maƙallin wayoyin hanci ba fil, sandar tokare da ba ta zauna ba, wayar bakin baya da ta naɗe turke, zif ɗin dubawa a buɗe, da manta hular hanci. Ta ƙarshen ba ado ba ce: in babu ita iska na cika cikin fiffiken ta sauya halinsa na ɗaga hanci da saukewa. Yawancin waɗannan na faruwa ne idan an katse mutum da magana yana tsakiyar aiki. Ka fara zagayen dubawa daga hanci, ka bi hanya ɗaya kullum, kana taɓa kowane abu da hannu. In an katse ka, koma farko.

Wa ke da izinin yin wannan aiki, kuma yaya ake gwajin bayan gyara?

Ya danganta da ƙasa. A Birtaniya sufeton BMAA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen sama ta ƙasar, ne ke binciken shekara-shekara kafin a sabunta takardar izinin tashi. A Faransa nauyin kula da jirgin ULM, wato ƙaramin jirgi mara nauyi irin wannan, na wuyan mai shi, bisa littafin kamfani. A Amurka jirgi mai kujera ɗaya da nauyinsa ba tare da lodi ba bai kai fam 254 ba, wato kilo 115, yana ƙarƙashin sashe na 103 na dokokin FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar, ba a tilasta masa bincike. Mai kujera biyu kuwa sai an yi masa binciken shekara, kuma mai jirgi na rukunin gwaji na iya yin kwas na awa 16 ya riƙa binciken nasa.

Gwajin kansa na ƙwararren matuƙi ne wanda ya san irin wannan fiffike, shi kaɗai ba fasinja, cikin kwantacciyar iska. Ya hau sama da mita 600, ya saki sanda ya rubuta gudu da ja, ya jawo sanda ya ji tana ƙara turjiya yayin da gudu ke hawa, sannan ya kusanci sitol a hankali ya ga ko wani ɓangare na riga faɗuwa. Sandar da ke yin sauƙi yayin da gudu ke ƙaruwa alamar haɗari ce. A sauka nan take a auna wayoyin bakin baya da sandunan tokare.

Na sami fiffike na hannu da araha. Zai hau kekena?

Shigar bol cikin rami ba ta nufin sun dace. Kowane fiffike an gwada shi ne da keke takamaimai da iyakar nauyi takamaimai. Tsawon ƙafafun firam da wayoyin gaba da baya ne ke yanke inda sanda za ta tsaya tsakanin ƙirjin matuƙi da tokaren gaba, kuma a wani keken tana iya cin karo da tokaren kafin hanci ya ɗagu yadda ake buƙata a sauka. Ƙashin baya ko wayoyin baya na iya kusantar farfela. Ka tambayi kamfanin da ya ƙera fiffiken ko ya amince da wannan haɗi, da lambar fiffiken a hannunka, ka kuma tambaye su sanarwar gyara da suka fitar a kansa. Kafin kuɗi su fita, a ga kundinsa da zanen haƙarƙarinsa, a yi gwajin Bettsometer a gabanka, a cire yadin gaba ɗaya a duba kowane bututu ciki da waje, sannan a lissafa kuɗin sababbin wayoyin gefe da bol ɗin maratayi a cikin farashin.